Achika ko Acika: Tarihin Koyar da Ƙa'idojin Rubutu da Nahawun Hausa a Makarantun Ƙasar Kano

1. Gabatarwa

A ƙasar Wudil, garin nan da ya yi suna da kasuwar shanu a bakin kogi, akwai wani gari wanda takardun hukuma ke rubuta sunansa Achika, yana kuwa cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Wudil. In aka bi ƙa'idar da ake koya wa yara a makaranta, babu "h" a cikin sunan nan. Acika ya kamata a rubuta, domin baƙin "c" shi kaɗai ya isa ya tsaya wa sautin da ke farkon "ciki" da "cuku" da "cokali". To, yaron garin da malami ya gaya wa yau cewa Hausa ba ta da "ch", gobe kuwa ya ga "ch" a kan takardar hukuma mai hatimi, wanne zai ɗauka daidai? Ba kuwa Acika kaɗai abin ya shafa ba. Bichi da Bauchi suna nan da nasu "ch", Ɗambatta da Ƙaraye da Haɗeja kuwa sun rasa lanƙwasarsu a kan taswira.

Kuka ya yi yawa a kan lalacewar rubutun Hausa a makarantu, masu kukan kuwa sukan ɗora laifin a kan yaran zamani da wayar hannu. Abin da wannan takarda ke son nunawa shi ne ciwon ya girmi wayar nesa ba kusa ba. An tsara ƙa'idojin rubutun boko ne saboda ma'aikacin hukuma da mai ɗab'i, an kuma rubuta nahawun Hausa saboda Baturen da ke neman cin jarrabawa. Malamin aji shi ne na ƙarshe da aka tuna da shi, sa'ad da aka tuna ɗin ma doka aka miƙa masa, ba a haɗa masa da dalilinta ba. Muddin yana da littafi mai kyau da zai kwaikwaya, da kwalejin da za ta horar da hannunsa, abin ya tafi daidai. Da waɗannan biyu suka raunana sai ɓarakar ta fito fili.

2. Kafin zuwan boko

Tun kafin Turawa su sa ƙafa a ƙasar Kano, birni da ƙauye suna da hanyarsu ta koyar da harafi, hanya ce kuwa mai tsari. Almajiri a makarantar allo yakan fara da babbaƙu, watau sanin baƙaƙe tsirara. In ya ƙware sai a kai shi farfaru, inda zai koyi wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri, sa'an nan ya shiga haɗa su yana karanta kalma. Baƙaƙen ma an raɗa musu sunayen Hausa masu bayyana kamanninsu, irin su "ba guje" da "nun guda" da "kaf lasan" da "ɗa mai hannu", don yaro ya riƙe siffar kowanne. Ba a barin yaro ya tsallake mataki sai malami ya gamsu da wanda yake kai.

Wanda ya sauke Alƙur'ani ya shiga makarantar ilmi kuwa yakan tarar da nahawu a matsayin fanni mai zaman kansa. Yakan fara da Ajurumiyya, in ya yi nisa ya kai ga Alfiyyar Ibn Malik. Malaman ƙasar nan ma sun yi wallafa a fannin, kamar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo wanda ya yi Bahrul Muhiɗ a kan nahawu da Hisnur Rasin a kan sarfu. Daga wannan gida Hausa ta aro kalmomin "nahawu" da "harafi" da "jimla" da "sifa" da "lamiri". Amma fa duk wannan nahawun Larabci ne. Hausa ana rubuta ta da ajami, a yi waƙar wa'azi ko wasiƙa, babu kuwa wanda ya zauna ya karantar da tsarinta, tun da ana ganin ɗan gida ba ya bukatar a koya masa maganar gidansu.

Abu biyu na ajami sun cancanci a riƙe su, domin za a sake haɗuwa da su a gaba. Na farko, ajami yana da hanyar nuna dogon wasali, saboda haka mai rubutu yana iya bambanta "gado" na kwanciya da "gado" na dukiyar mamaci. Na biyu, masu ajami sukan manne ƙananan kalmomi da waɗanda ke biye da su, su rubuta "ya ce" a dunƙule kamar yadda take fita daga baki.

3. Yadda "ch" ya shigo

Waɗanda suka fara rubuta Hausa da baƙaƙen Romawa baƙi ne. J. F. Schön, ɗan mishan, ya buga jerin kalmomin Hausa da ɗan bayanin nahawu a 1843, ya fitar da cikakken littafin nahawu a 1862 da ƙamus a 1876. C. H. Robinson ya biyo da nasa nahawun a 1897, ƙamusunsa kuma ya fito a 1899 da 1900. Kowannensu ya rubuta abin da kunnensa ya jiye masa, da baƙaƙen da ya saba da su. Ga mutumin Ingila, sautin farkon "ciki" ba shi da wata sura sai "ch".

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Gwamna Lugga ya zaɓi a gudanar da aikin mulki da Hausar boko maimakon Larabci da ajami, ko da yake a cikin manyan ma'aikatansa akwai waɗanda suka fi son a bar ajami. Sai bukata ta tashi ta a sami malaman da za su rubuta haraji da ƙidaya da shari'a da sabon rubutu. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, bayan ganuwar Kano, a 1912 kuma ya buga ƙa'idojinsa masu suna Rules for Hausa Spelling. Abin lura, da Turanci aka rubuta su, aka kuma buga su a wata mujalla ta Ingila. Mai karatun da aka nufa Bature ne, Bahaushe kuwa sai dai ya ji daga bakinsa.

A littattafan wancan zamani, irin su tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tara aka buga tsakanin 1911 da 1913, "chikin" da "ya che" ake gani. A wannan zamanin ne sunayen garuruwa da ƙauyuka suka shiga rajistar haraji da taswirar 'yan safiyo. Suna kuwa in ya shiga takardar hukuma da wuya ya fita, balle tun da harshen ofis ya koma Turanci, wanda "ch" ɗan gida ne a cikinsa. Ashe "h" ɗin Achika ba kuskuren wani yaro ba ne. Saura ne na tsohon rubutu, wanda aka sake a littafin makaranta amma ba a sake a ofis ba.

4. Zamanin Zariya

A 1926 aka kafa wata cibiya a Landan don nazarin harsuna da al'adun Afirka, Vischer yana cikin waɗanda suka tsaya mata. A 1927 ta fitar da shawarwari a kan rubuta harsunan Afirka, ta gyara su a 1930, tushensu kuwa shi ne kowane sauti ya sami harafinsa guda. A lokacin Hausa tana cikin ruɗani a kan sautukan nan uku na "ɓera" da "ɗaki" da "ƙofa". Waɗansu suna sa ɗigo a ƙarƙashin baƙi, waɗansu ba sa nuna kome. Babban ƙamus na G. P. Bargery, wanda ya fito a 1934 da kalmomi wajen 39,000, waƙafi ya rataya wa baƙaƙen a sama.

Wanda ya kawo ƙarshen ruɗanin shi ne ofishin da aka kafa a 1929 don fassara littattafan makaranta, aka mai da shi Hukumar Talifi a 1933, yana zaune a Zariya a hannun Dokta R. M. East. Cikin shekarun 1930 littattafan hukumar suka tsaya a kan "ɓ" da "ɗ" da "ƙ" masu lanƙwasa, "c" kuma ya gaje "ch". Ba a bi ƙa'idar harafi guda har ƙarshe ba, domin an bar "sh" da "ts" a tagwaye. An kuma yanke shawara mai nauyi, watau ba za a nuna tsawon wasali ko karin sauti ba, bisa hujjar cewa Bahaushe zai gane daga jimla. Saboda haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya da "kuka" ta "sa'ad da kuka zo" duk suka zama sura ɗaya a takarda. A nan boko ya yar da wani abu daga cikin abin da ajami ke iyawa.

Abin da ya ba sabon rubutun ƙarfi ba doka ba ce, littattafai ne. Gasar da hukumar ta sa a 1933 ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Magana Jari Ce ta Malam Abubakar Imam ta fara fitowa a 1937, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta soma a Janairun 1939, Kamfanin Gaskiya kuma ya kafu a 1945. Kusan duk abin da ɗan makarantar elementare zai karanta da Hausa daga gida ɗaya yake fitowa, ya bi ta hannun masu gyara ƙalilan waɗanda ke bin tsari guda. Karin da aka ɗora daidaitacciyar Hausa a kai kuwa na Kano ne. Wannan ya sauƙaƙa wa yaron Acika, domin abin da ke littafi ya yi kusa da abin da yake ji a gida, ba kamar ɗan Sakkwato ba, wanda ke cewa "hwari" da "shina" amma a tilasta masa rubuta "fari" da "yana".

Malamin wancan zamani ta hanyar kwaikwayo ya koyi rubutu. Da Hausa ake karantarwa a azuzuwan farko na elementare, ana yin shifta, ana kwafe daga allo, ana duba rubutun hannu. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1921 don horar da manyan malamai, ƙarfinta a kan Turanci ta sa shi. Malaman ƙananan makarantu kuwa daga ƙananan kwalejojin horon malamai suke fitowa, Kwalejin Horon Malamai ta Wudil tana cikin waɗanda suka ba makarantun ƙasar Kano malamai. A irin waɗannan kwalejoji ɗalibi yakan yi shekaru ana horar da shi a kan dukan darussan firamare, a kuma tura shi gwajin koyarwa a makarantun da ke kewaye, malaminsa yana zaune a bayan aji yana lura da abin da ya rubuta a allo.

Cikin shekarun 1950 aikin ya ƙara faɗi. Gwamnatin Jihar Arewa ta tayar da Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA kuma, wadda ta rayu har 1959, ta cika larduna da ƙananan littattafai da jaridu, irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa, a 1958 ta fitar da ƙa'idojin rubutu. Su ma dai jerin dokoki ne, a rubuta kaza, kada a rubuta kaza.

5. Nahawu na wa?

In aka juya ga nahawu sai a ga giɓin ya fi girma. Ma'aikatan mulkin mallaka a Arewa dole ne su ci jarrabawar Hausa, saboda haka littattafan nahawu dominsu aka yi. F. W. Taylor ya fitar da nasa a 1923, R. C. Abraham ya fitar a 1934 da 1941, ƙamusunsa kuma a 1949. A 1960 F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya bayyana tsarin da ya kasa aikatan Hausa aji bakwai, tsarin da masana ke aiki da shi har yau. Aiki ne mai daraja ƙwarai, amma daga 1843 har cikin shekarun 1970, kusan duk littafin nahawun Hausa da ya yi suna da harshen Turai aka rubuta shi, don mai koyon Hausa a matsayin baƙon harshe.

Ko da Hausawa suka karɓi aikin, Turanci bai saki nan da nan ba. Littafin Farfesa M. K. M. Galadanci, An Introduction to Hausa Grammar, wanda ya fito a 1976, da Turanci yake. Haka kuma wanda Neil Skinner ya yi a 1977 saboda makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai. Sai cikin shekarun 1980 littattafan nahawu da Hausa suka yawaita, kamar Nahawun Hausa na Ahmadu Bello Zariya a 1981 da Bayanin Hausa na Dauda Bagari a 1986. Keɓaɓɓun kalmomin fannin ma ba su haɗu a littafi guda ba sai a 1990, a ƙamus ɗin da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace. Ma'anar wannan ita ce malamin da ya fita daga kwaleji a 1955 ko 1965 ya iya rarrabe jimlar Turanci, in ya yi makarantar ilmi ya iya li'irabin jimlar Larabci, amma ba shi da sunan da zai kira "ce" ɗin da ke cikin "ita ce", balle ya faɗi dalilin raba ta.

6. Inda rubutu ya dogara ga nahawu

Wani zai ce, ina ruwan ƙa'idar rubutu da nahawu? Amsar tana cikin irin kurakuran da yara ke yi. Baƙaƙen Hausa ba su da wuya, domin kusan yadda ake faɗi haka ake rubutawa. In aka ɗebe barin lanƙwasa, wanda ke mai da "ƙafa" ta zama "kafa", "baƙi" ya zama "baki", mafi yawan kuskure a wajen rabawa da haɗa kalmomi yake. Kunne kuwa ba ya taimako a nan, tun da baki ba ya tsayawa tsakanin kalma da kalma. Wanda ya haɗa "ita ce" ya sami "itace". Wanda ya haɗa "ta ce" ya sami "tace". "Ba a" ta zama "ba'a", "da shi" ya zama "dashi". Sunan jaridar nan ma, in aka manne "ta" da "fi", sai a ga kamar ana sallamar gaskiya ne, ana ce mata ta tafi.

Malamin da ya san nahawu yana da gwaji mai sauƙi da zai ba yaro, watau musanya. "Ita ce" kalma biyu ce, domin ana iya cire "ita" a sa "Ladi", a ce "Ladi ce", dirka ta tsaya a wurinta. "Ta fi" kalma biyu ce, domin ana iya cewa "ya fi" ko "sun fi". "Ba a zo ba" ƙanwar "ba su zo ba" ce, saboda haka babu alhamza a ciki. In yaro ya rasa ko "a kan" zai rubuta ko "akan", sai ya gwada sa "sukan" a wurin. "Akan yi ruwa a Agusta" tana karɓar irin wannan musanya, domin ana cewa "sukan yi", amma "a kan tebur" ba ta karɓa. Haka kuma "ya kama shi" ana raba ta, domin "shi" yana zaune a mazaunin suna, kamar a ce "ya kama Audu". Amma "gidansa" a haɗe take, domin "sa" ta mallaka ba ta iya tsayuwa sai ta jingina da mahaɗin da ke jikin sunan.

Akwai kuma inda rubutu ya ƙi bin baki da gangan. Bakano yakan furta "rigas sarki" da "gidam Bello" da "am ba shi", saboda nason da baƙi ke yi cikin na gaba da shi, tsofaffin littattafai ma sukan rubuta waɗansunsu haka. Ƙa'ida kuwa ta ce a rubuta "rigar sarki" da "gidan Bello" da "an ba shi", don kalma ta riƙe sura ɗaya duk inda ta faɗo, a kuma ga "r" ta tamata da "n" ta namiji da jam'i a fili. Yaron da bai san jinsi ba ba zai ga dalilin da zai rubuta abin da bai ji ba.

Sai dai gaskiya ita ce ba kowace ƙa'ida ke da irin wannan hujja ba. Waɗansu yarjejeniya ce kurum. Littattafan zamanin Imam suna haɗa "yana" amma su raba "ya ke" da "su ke", daga baya aka yanke a haɗa su duka, a rubuta "yake" da "suke". Malami yana bukatar ya san wacce ƙa'ida ce za a fahimta, wacce ce kuma za a haddace. In bai sani ba sai ya sa a haddace duka, abin da aka haddace ba tare da dalili ba kuwa shi ke fara zubewa.

7. Taruka da gyare-gyare

Bayan samun mulkin kai, gyaran ƙa'idoji ya koma hannun jami'o'i da tarukan ƙasa da ƙasa. A 1966 hukumar UNESCO ta kira taro a Bamako don daidaita rubutun waɗansu manyan harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Jamhuriyar Nijar ta bi shawarar taron ta riƙa ninka wasali don nuna tsawonsa a littattafan yaƙi da jahilci, Nijeriya kuwa ta tsaya a kan tsarin Zariya, sai ga harshe ɗaya da rubutu biyu. A 1972 masana suka zauna a Kano, a ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, suka sake duba ƙa'idojin. A Janairun 1980 aka yi taro a Yamai don haɗa kan ƙasashen biyu, aka dawo kusa da juna, ko da yake har yanzu inda Nijeriya ke rubuta "'ya'ya" Nijar "ƴaƴa" take rubutawa.

Kowane taro ya gyara wani abu, amma abin da aka yanke a zauren jami'a ba ya isa makarantar ƙauye da kansa. Tsofaffin littattafai suna nan a akwatin hedimasta, an kuma ci gaba da sake buga waɗansu yadda suke. Sai a sami aji guda inda littafin karatu ke cewa "ya ke", sabon malami na cewa "yake", tsohon malami kuma ya ja wa yaro jan biro a kan abin da aka koya masa jiya. Yaro in ya ga manya sun saɓa, abin da yakan ɗauka shi ne kowa ya rubuta yadda ya ga dama.

8. Daga 1976 zuwa yau

A watan Satumba na 1976 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tsammanin yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga wajen miliyan 3. Alheri ne babba ga ƙauyukan da ba su taɓa ganin makaranta ba, amma malamai ba su isa ba. Aka buɗe sababbin kwalejoji da gaggawa, aka taƙaita horo, aka ɗauki malaman wucin gadi. Shifta da duban littafin kowane yaro aiki ne da ke yiwuwa a ƙaramin aji, ba ya yiwuwa in aji ya cika har ƙofa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara karantar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, sai dai faɗa daban, tanadin malami da littafi daban.

Daga baya aka tsayar da takardar NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar shiga aji, aka daina horon malamai masu daraja ta biyu a kwalejoji irin ta Wudil. Matsayin ilmin malami ya ɗaga, babu shakka. Amma tsohon tsari yana fitar da malamin da aka horar a kan dukan aikin firamare, sabon kuwa ya fi fitar da wanda ya ƙware a fanni ɗaya ko biyu. Wanda ya karanci Hausa a kwalejin ilmi ya san nahawun da malamin 1955 bai taɓa ji ba, amma ba shi ke kowane aji ba. Sau da yawa darasin Hausa yakan faɗa hannun duk wanda ke da sarari, bisa tsohuwar hujjar nan cewa ai kowa Bahaushe ne.

Ɗaya ginshiƙin ma, watau littafin kwaikwayo, ya canza. Daga tsakiyar shekarun 1980 littattafan soyayya na kasuwar Kano suka yawaita, marubuta suna buga abinsu da kansu. Sun jawo dubban mutane, musamman mata, ga karatun Hausa, wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne, amma da yawansu ba su bi ta hannun mai gyara ba. Keken rubutu da kwamfutocin farko ba su da baƙaƙe masu lanƙwasa. Da wayar hannu ta zo sai matasa suka nemi dabara, suka sa "q" a madadin "ƙ", "ch" ma ya dawo. Wayar ba ita ta haifi rauni ba, ta dai tarar da shi ne ta baza. Manufar gwamnati ma ba ta zauna wuri ɗaya ba, domin a 2022 an amince a karantar da harshen uwa a dukan shekarun firamare shida, a 2025 kuma aka soke wannan aka koma Turanci.

Abin mamaki, sanin Hausa a sama bai taɓa kai na yanzu ba. Babban littafin nahawu na Paul Newman ya fito a 2000, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito a 2006, ana kuma ba da digiri har na uku a fannin. Ilmin yana nan jibge. Hanyar da za ta kai shi ajin firamare ce ta yanke.

9. Kammalawa

Abin da tarihin nan ke nuna wa malaman kwalejojin ilmi uku ne. Na farko, kada a raba darasin ƙa'idojin rubutu da na nahawu, a koyar da rabawa da haɗa kalmomi ta hanyar musanya, yadda ɗalibi zai iya gano amsa da kansa ko ya mance doka. Na biyu, duk wanda zai koyar a firamare a ƙasar Hausa, kowane fanni ya karanta, ya kamata a gwada shi a kan shiftar Hausa kafin a ba shi takarda, domin rubutunsa a allo shi ne littafin farko da yaro zai kwaikwaya. Na uku, a koya wa ɗalibai tarihin rubutun kansa, don in sun ga "ya ke" a tsohon littafi, ko "ch" a takardar hukuma, su san inda ya fito, su kuma iya gaya wa yaro.

Malamin Acika ba ya bukatar jiran a sake sunan garin a ofis, kayan aikinsa suna bakin ƙofa. Ya rubuta abu uku a allo: "Achika", da "Acika", da "a cika". Na farko zai ba shi labarin 'yan safiyo da zamanin Ɗan Hausa. Na biyu zai nuna aikin baƙin "c" da dalilin fara sunan gari da babban baƙi. Na uku kuwa, in yara suka musanya shi suka ce "mu cika" da "su cika", za su ga da idonsu dalilin da ya sa aka bar fili a tsakani.